Yadda ake horar da masu binciken ƙwayoyin cuta

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, lokotoro iri biyu ne. Akwai na asibiti, mai duba marar lafiya. Akwai kuma wanda ba ya yin allura. Aikinsa shi ne sanin halin ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita.

Kun tuna da nibakin? Da can ita ce maganin masassarar cizon sauro. Sannu a hankali ƙwayar cutar ta saba da ita, har ta daina jin ta. Masu bincike ne suka gano haka, aka canza magani a shekarun 2000. Da ba su gano ba, da yara suna ta shan maganin da ba ya kashe cutar.

A ina ake koyon wannan aiki? Ga misali daga Gana. A shekarar 2014, Jami'ar Gana da ke Akra ta buɗe wata cibiya mai suna WACCBIP, da taimakon Bankin Duniya. Tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka. Karatun ana ce masa doktora, shi ne digiri mafi girma. Ba a shiga sai an gama lisansi da masta. Shekara 4 ake yi.

Shekara ta farko ta aji ce. Ɗalibi yana koyon yadda cuta ke shiga jiki, da yadda jiki ke yaƙar ta. Bayan haka a yi masa jarrabawa, a rubuce da kuma da baki. Sai ya ci zai wuce.

A shekara ta biyu yana koyon aiki da hannu a ɗakin awo, kamar yaron maƙeri a gindin ubangidansa. Yana da tambaya guda da zai bi. Misali: don me wannan magani ya daina aiki?

Shekara ta uku da ta huɗu na bincike ne. Yana auna jini, yana renon ƙwayoyin cuta cikin kwalba, yana rubuta duk abin da ya gani. Malamai suna bin sawun aikinsa. Lokaci lokaci yakan tsaya gaban ƴan'uwansa ɗalibai, su yi masa gyara. In awo ya ɓaci, sai a sake. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

A ƙarshe ya rubuta babban littafi. Malamai na wata jami'a su karanta. Sannan a zaunar da shi, a yi ta tambayarsa. In ya kare aikinsa, ya zama dokta.

Amfanin wannan horo ya fito fili a 2020. Da korona ta shigo Gana, masanan cibiyar suna cikin waɗanda suka binciki irin ƙwayar a gida, ba su jira Turai ba.

Kowane ɗayansu daga aji ɗaya ya fara. Ku sa yaranku lakwal, maza da mata, kuma ku bar su su ƙare.