Me Ya Sa Danne Baƙin Ciki Ba Ya Kawar da Shi?

Idan mutum ya yi rashi ko jarinsa ya karye, akan ce ya cire abin a ransa, ya saki fuska. Sai dai zuciya ba ta bin irin wannan umarni. A 1987, masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner na Amurka ya hana wasu mutane tunanin farin beyar na minti 5, ya ce su kaɗa ƙararrawa duk sanda ya faɗo musu a rai. Haka suka yi ta kaɗawa.

Abin da ya fi shi ne mutum ya yarda ransa ya ɓaci, ya faɗa wa wanda ya amince da shi. Haƙuri bai hana hawaye ba. Amma idan damuwa ta wuce mako 2 tana hana barci da cin abinci, a ga likita.