Edita ɗaya, mujallu biyu: abin da mai son tsara mujallar waƙa a waya zai koya daga Nick Logan

A yau duk matashin da ke da wayar Android da manhajar Canva zai iya haɗa mujallar waƙa cikin kwana biyu, ya mayar da ita PDF, ya watsa ta a WhatsApp da Telegram. Aikin da a da sai kamfani mai injin buga takarda, yanzu ya dawo cikin aljihu. Sai dai sauƙin kayan aiki bai kawar da tambayar da ke kayar da masu farawa ba: wa zai karanta wannan mujalla? Wanda ya ce "kowa da kowa" ya riga ya fara ɓata datarsa da lokacinsa.

Tarihin wani ɗan jaridar Ingila mai suna Nick Logan ya isa misali. Cikin ƙasa da shekara biyu ya kafa mujallu biyu a ƙasa ɗaya, a lokacin da mawaƙa iri ɗaya ne ke tashe, amma wanda ya ajiye su gefe da gefe ba zai ce hannu ɗaya ya yi su ba. Dukansu kuwa sun karɓu.

Daga NME zuwa ɗakin 'yan makaranta

Logan ya riƙe kujerar editan NME daga 1973 zuwa 1978. Ita NME, da aka kafa a Landan a 1952, a wancan lokacin jaridar waƙa ce ta mako-mako. Kan takardar jarida mai arha ake buga ta, har tawadarta kan shafa wa mai karatu baƙi a yatsu. Cikinta dogayen sharhi ne da muhawara, don masu karatunta sun ɗauki waƙa a matsayin abin nazari da gardama.

A gefe guda akwai wasu masu sayen faifai da irin wannan jarida ba ta yi da su: yara 'yan sakandare, mata da maza, masu bin waƙoƙin da ke saman jadawali a rediyo da talabijin. Su ba ruwansu da sharhi mai shafi uku. Su aka yi wa Smash Hits, wadda Logan ya kafa wa kamfanin EMAP a 1978.

Bai faɗa kasuwa kai tsaye ba. A watan Satumba 1978 an fara fitar da ta gwaji, sannan fitowa ta farko ta zo a watan Nuwamba da hoton ƙungiyar Blondie a bango. Da farko wata-wata take fita. Bayan 'yan watanni, ganin yadda ake rububinta, aka mayar da ita duk mako biyu.

Kowane ɓangare na tsarinta amsa ne ga wani abu da yaron ke yi. Yana son ya bi waƙa idan an sa ta a rediyo, ga shi babu intanet da zai nemo kalmomin, sai mujallar ta riƙa buga baitocin waƙoƙin da ke tashe. Yana son ya liƙa hoton gwaninsa a bangon ɗaki, sai aka sa fosta a tsakiya. Akwai dalilin zaɓen tsakiyar: a mujallar da aka ɗinke da sitafula, shafuka biyu na tsakiya falle ɗaya ne, ana iya cire shi ɗungurungum ba tare da hoton ya rabu biyu ba. Takardar mai sheƙi ce, launuka masu haske, labarai gajeru. Tambayoyin da ake yi wa mawaƙa ma na barkwanci ne, irin su ko wane launi ne da ranar Alhamis.

Manyan masu sharhi sun raina ta, amma kasuwa ta nuna inda gaskiya take. A ƙarshen shekarun 1980, fitowar da ta ɗauki Kylie Minogue da Jason Donovan a bango ta kai kusan kwafi miliyan ɗaya. A 1987, shekarar zaɓe, Firaminista Margaret Thatcher da kanta ta zauna an yi hira da ita a mujallar, don nan ne matasan ƙasar suke.

The Face: wani mai karatu, wani tsari

Yana cikin cin nasarar Smash Hits, Logan ya kawo shawarar wata mujallar. EMAP ba su karɓa ba, sai ya ɗebi fam 3,500 daga ajiyarsa ya fitar da The Face a watan Mayu 1980, da hoton Jerry Dammers na ƙungiyar The Specials a bango.

Wannan karon mai karatun ya girmi ɗan sakandare. Saurayi ne ko budurwa da ke fita wuraren rawa da dare, wanda tufafi da aski da hoto suke da daraja ɗaya da waƙar a wurinsa. Irin wannan ba fosta yake nema ba, abin da zai ajiye a kan tebur abokai su gani yake so. Saboda haka The Face ta zama ta wata-wata, hotuna manya, wani lokaci hoto ɗaya ya cinye shafi guda, kuma ta haɗa waƙa da ado da fim.

Daga 1981 zuwa 1986 Neville Brody ne ke kula da fasalinta. Da hannu yake zana haruffan kanun labarai, a zamanin da kwamfuta ba ta karɓe wannan aiki ba tukuna. Akwai lokacin da ya riƙa sauya rubutun kan shafin abubuwan da ke ciki, kaɗan-kaɗan daga fitowa zuwa fitowa, har haruffan suka koma alamomi zalla. Ya yi hakan ne da sanin cewa masu karatunsa suna bin mujallar kowane wata, kuma irin wannan wasa yana burge su. Da a Smash Hits aka yi haka, yaron da ke neman shafin da waƙar gwaninsa take zai rikice ne kawai.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Logan bai yi ƙoƙarin cusa masu karatu biyun cikin mujalla ɗaya ba, ya yi wa kowannensu tasa.

Idan mai karatu ya sauya hali

Ƙarshen labarin ma darasi ne. An rufe The Face a 2004, sai a 2019 wasu suka farfaɗo da ita. Smash Hits ta tsaya a watan Fabrairu 2006. Abubuwa biyun da aka gina ta a kansu, baitoci da hotuna, sun zama kyauta a intanet, kuɗin yara kuma ya koma kan wayar hannu.

Ita kuwa NME cinikinta ya yi ta raguwa har ya sauko kusan kwafi 15,000 a mako. A watan Satumba 2015 aka mayar da ita kyauta, ana raba kimanin kwafi 300,000 a tashoshi da shaguna da jami'o'i, fitowar farko da hoton Rihanna. An faɗaɗa ta ta ɗauki fim da ado da sauransu don ta dace da duk wanda aka miƙa wa. Tsofaffin masu karatu da yawa suka ce ba tasu ba ce kuma. A watan Maris 2018 aka daina buga ta mako-mako, kamfanin ya ambaci tsadar bugu da raunin kasuwar talla. Yawan hannun da takarda ta shiga bai zama yawan masu jiran fitowa ta gaba ba.

Masu sauraron waƙar Hausa ma ba ɗaya ba ne

Matashin da ke son yin mujallar waƙar Hausa yana gaban irin zaɓin da Logan ya fuskanta. Akwai masu bin waƙoƙin soyayya irin na Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa. Akwai masu hip hop da ke sauraron ClassiQ da Morell da DJ AB. Akwai masu tattara tsofaffin faifan Mamman Shata da Narambaɗa da Ɗan Maraya Jos, waɗanda tarihin waƙa da wanda aka yi wa ita suke so. Akwai kuma masu bege. Mutum ɗaya na iya sauraron duka, amma abin da yake nema a rubuce game da kowanne daban ne, kuma ba a tauna taura biyu a lokaci guda.

Hanya mafi sauƙi ita ce mai tsarawa ya zauna ya rubuta bayanin mutum ɗaya kafin ya buɗe kowace manhaja: shekarunsa, irin wayar da yake riƙewa, datar da yake saya a mako, inda yake karatu da lokacin da yake yi, da abin da yake yi da labari in ya gama. Masu haɗa manhaja haka suke yi kafin su rubuta layin farko, don kowane maɓalli yana da wanda aka yi shi dominsa. Mai son Shata zai zauna ya karanta dogon bayani kan Bakandamiya da dare. 'Yar makarantar da ke jiran sabon bidiyo kuwa hoto mai kyau take so da gajeren labari da za ta ɗora a sitatus. A wurinta sitatus shi ne bangon ɗakin da ake liƙa fosta.

Abin da allon waya ke buƙata

Kuskuren da aka fi gani shi ne tsara mujallar waya kamar ta takarda. Shafin A4 faɗinsa milimita 210 ne, tsawonsa 297. Idan aka jera rubutu gida uku a kansa aka buɗe a waya, haruffan kan zama kamar tururuwa, sai mai karatu ya yi ta buɗa allo da yatsu biyu yana ja dama da hagu. Kaɗan ne ke jure haka har shafi na biyar. Shafin tsaye mai fiksil 1080 a faɗi da 1920 a tsawo ya fi dacewa da waya, rubutu a gida ɗaya, kuma girman sitatus ke nan, don haka kowane shafi zai iya tafiya shi kaɗai. Saboda haka ma yana da kyau sunan mujallar ya fito a ƙasan kowane shafi.

Na biyu shi ne nauyin fayil. Hoton da za a buga a takarda yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, amma allon waya ba ya neman haka. Mujallar da ta kai megabait hamsin, mai ƙaramar data zai gan ta ya wuce. A rage girman hotuna kafin a shigar da su. Idan kuma a shafin intanet za a ɗora, tsarin WebP na Google ya fi JPEG sauƙin nauyi a mafi yawan lokuta. Launi ma yana da ƙa'ida: RGB na allo ne, CMYK na injin bugu. Wanda ke da niyyar buga wasu kwafi a takarda sai ya fitar da fayil na daban, in ba haka ba launukan da suka yi ƙyalli a waya su fito a dushe.

Na uku ya shafi Hausa kai tsaye. Salon haruffa da yawa masu ƙawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, haka ma ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Idan harafin ba ya ciki, manhaja kan aro shi daga wani salon ya fito bambaraƙwai a tsakiyar kalma, ko kuma ta saka ɗan akwati a gurbinsa. A mujallar da kalmar "waƙa" za ta fito a kusan kowane layi, wannan ba ƙaramin lahani ba ne. Noto Sans na Google da Andika da Charis na cibiyar SIL duk suna da waɗannan haruffa. Kafin a amince da kowane salo, a rubuta "ƙwaƙwalwa" da "ɓarawo" da "Ɗanjuma" da manya da ƙananan baƙaƙe a gani. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, don haka samun haruffan a waya ba matsala ba ne.

Sai batun haske. Mai karatu a bakin titi da tsakar rana ba zai ga rubutu ruwan toka a kan fari ba, balle ja a kan hoto mai hayaniya. Ƙa'idar WCAG ta masu gina shafukan intanet ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma akwai shafuka na kyauta da ke auna wannan.

Akwai kuma haƙƙin mallaka. Baitocin waƙa da hoton mawaƙi suna da masu su. Wanda ke son kwaikwayon Smash Hits wajen buga baitoci sai ya nemi izinin mawaƙin ko kamfaninsa, ya kuma rubuta sunan mai ɗaukar hoto. Neman izinin kan buɗe ƙofar hira da mawaƙin, wanda ya fi baitocin daraja tunda su ana samunsu a ko'ina.

A fara da ta gwaji

Logan, duk da shekara biyar da ya yi yana editan NME, sai da ya fitar da ta gwaji kafin ta farko. Mai waya ya fi shi sauƙin yin hakan. Shafi takwas sun isa. A tura wa mutum ashirin da suka yi kama da wanda aka rubuta bayaninsa tun farko, ban da 'yan uwa da aminai da za su yaba don kara. Bayan kwana biyu a tambaye su a wane shafi suka tsaya, wanne suka ɗauki hotonsa, wanne suka tura wa wani. Idan zai yiwu a karɓi wayar ɗaya daga cikinsu, musamman mai ƙaramin allo, a buɗe mujallar a kai a gani da ido. Shafin da babu wanda ya ambata, a cire shi a fitowa ta gaba, a ba wanda aka fi turawa ƙarin fili.