Wasannin Tuƙin Jirgin Ƙasa: Tsakanin Kyan Hoto da Tsadar Kayan Ƙari

Matashin da ya tashi a Gude, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, zai iya girma har ya yi iyali bai taɓa jin ƙugin jirgin ƙasa ba. Layin dogo bai shiga jiharsa ba. Wanda ya fi kusa da shi shi ne reshen da ya taso daga Kuru, ya bi ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Amma a yau, da wayar hannu ko kwamfuta, zai iya zama a kujerar direba, ya saki birki, ya ja taragai daga tasha zuwa tasha, albarkacin wasannin kwaikwayon tuƙin jirgin ƙasa.

Abubuwa biyu ne ke jan hankalin mai sha'awar waɗannan wasanni, kuma su ne ke cin aljihunsa: ingancin hoto, da kayan ƙari da ake sayarwa daban bayan an mallaki wasan.

A shekarar 2001 ce wannan fanni ya kankama a kwamfuta, lokacin da Microsoft Train Simulator ya fito, kamfanin Auran na Ostireliya kuma ya fitar da Trainz. Wasan na Microsoft ya zo da hanyoyi shida: biyu a Amurka, biyu a Japan, ɗaya a Ingila, ɗaya a Ostiriya. A 2009 aka sami RailWorks, wanda a yanzu ake kira Train Simulator Classic, sannan a 2017 kamfanin Dovetail Games na Ingila ya fitar da Train Sim World, wanda aka gina bisa manhajar Unreal Engine 4.

Me ake nufi da ingancin hoto?

Hoton da ke kan allo tarin ɗigo-ɗigo ne. Allon 1920 sau 1080 yana ɗauke da ɗigo kimanin miliyan biyu, na 4K kuwa ya haura miliyan takwas, wato ninki huɗu ke nan na aikin da katin hoto na kwamfuta zai yi. Sai kuma yawan hotunan da ake zanawa a kowace daƙiƙa. Idan sun kai 60, tafiya takan yi sumul. Idan suka faɗo ƙasa da 30, sai jirgin ya riƙa tsalle-tsalle a idon mai kallo.

Wasan jirgin ƙasa yana da wata wahala tasa ta daban. Hanya guda takan kai kilomita 100 ko fiye, kuma dole direba ya hango sigina daga nesa, domin jirgi mai nauyi ba ya tsayawa nan take. Saboda haka masu ƙira kan zana abin da ke kusa dalla-dalla, su rage wa na nesa ado, su kuma riƙa loda ƙasar yanki-yanki yayin da jirgin ke tafiya. Wannan ne ya sa hoto kan ɗan cije idan aka doshi babbar tasha mai gine-gine da jirage da yawa. Inuwa, hazo, ruwan sama a kan gilashi da hasken fitilu cikin dare duk ƙarin nauyi ne a kan na'ura.

Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Abin da gogaggun 'yan wasa ke aunawa ya wuce ƙyalƙyali: shin birkin iska yana kamawa yadda ya kamata? Shin nauyin taragai yana jan jirgi baya a hawa? Shin ƙa'idojin sigina sun dace da na ƙasar da ake kwaikwayo? Manhajar Open Rails, wadda masu sa kai suka rubuta kuma ake saukewa kyauta, ba ta kai sababbin wasanni kyan gani ba, amma har yau tana da mabiya saboda tana karɓar kayan tsohon wasan Microsoft, kuma ba ta buƙatar kwamfuta mai tsada.

Kayan ƙari: gyarar da ake biya

A kasuwanninmu, gyara kyauta ce daga mai sayarwa. A nan kuwa ƙarin shi ne ainihin cinikin. Wasan kan zo da hanyoyi kaɗan, sannan kowace sabuwar hanya ko kan jirgi sai an saye shi daban, abin da 'yan wasa ke kira DLC. Train Simulator Classic yana da ɗaruruwan irin waɗannan kaya a dandalin Steam, waɗanda jimillar farashinsu ta kai dubban daloli.

Tsadar tana da dalili. Kafin a fitar da hanya guda, sai an tattara hotuna da taswirori, an naɗi ƙarar inji, an ƙera kowace gada da tasha, an kuma nemi izinin kamfanonin jirage kafin a yi amfani da tamburansu. Masu saye kuma ba su kai na wasannin ƙwallon ƙafa yawa ba.

Ga mai saye a Najeriya, nauyin ya ninka. Farashin na kuɗin waje ne, hanya guda ta sabon wasa takan cinye gigabait da dama na data, ga kuma batun wutar lantarki. Yana da kyau ya duba ƙarfin na'urarsa kafin ya biya, ya kuma sani cewa kayan Train Simulator Classic ba sa aiki a Train Sim World, duk da cewa kamfani ɗaya ne ya yi su. Wasu kayan ma ba sa amfani sai an mallaki wata hanya tukuna. A waya, wasanni irin su Indian Train Simulator na kamfanin Highbrow Interactive kyauta ake sauke su, amma akwai tallace-tallace da sayayya a cikinsu. Ya kamata iyaye su lura da hakan idan an haɗa katin banki da wayar da yara ke riƙewa.

Ina Najeriya a ciki?

Mafi yawan hanyoyin da ake sayarwa na Birtaniya ne da Jamus da Amurka, inda masu saye suka fi yawa. Daga cikin 'yan ƙalilan na Afirka akwai hanyar Outeniqua Choo Tjoe ta Afirka ta Kudu, mai faɗin milimita 1,067, daidai da tsohon layin da ya isa Kano a 1911. Alhali Najeriya ba ta rasa abin nunawa ba: ga layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186 da aka buɗe a 2016, ga na Legas zuwa Ibadan na 2021, ga kuma na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021.

Ƙofar cike wannan giɓi a buɗe take. Trainz yana zuwa da kayan shimfiɗa hanya mai suna Surveyor, da rumbun Download Station inda 'yan wasa ke ajiye abin da suka ƙera domin wasu su ɗauka. Bayanan tudu da kwarin ƙasa da hukumar NASA ta Amurka ta tattara daga sararin samaniya a watan Fabrairun 2000 kyauta ne, kuma sun haɗa da duwatsun Mandara da kwarin Kogin Yedzaram. Da irin waɗannan bayanai masu sa kai a wasu ƙasashe suke gina hanyoyin garuruwansu.

Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Jihar Adamawa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi zai iya gwada shimfiɗa layi daga Gombe zuwa Mubi a kan allo, ya ga inda hawa zai gagari jirgin kaya da inda ake buƙatar gada. Aiki ne na watanni, mai neman haƙuri, amma yana koyar da karatun taswira, zanen siffofi da lissafin gangara, sana'o'in da ake nema a wajen wasa. Launin ƙurar hunturu, siffar rumbu da yadda kasuwar shanu ke cika ranar ci kuwa, babu wani mai zane a Turai da zai san su kamar wanda ya tashi a cikinsu.