Mai Lambun Ganye: Sana'ar Tsere da Rana

Ana sallame sallar asuba mai lambu yake nufar fadama, wando a naɗe zuwa gwiwa, 'yar wuƙa a hannu. Da sanyin safiya ake kama fara, haka ma ganye. Wanda aka yanka da raɓa a jikinsa ya fi ƙamshi, ya kuma fi jure tafiya zuwa kasuwa. In aka bari hantsi ya dubi ludayi, sai dai a kwashi abin da ya yi yaushi, dillali ya taya da wulaƙanci. Duk dabarun wannan sana'a, daga fangali har zuwa tukunya, a kan abu guda suke: yadda za a isar da ƙamshi ga mai ci kafin rana ta sace shi.

Ƙaramin fili ya ishi mai lambun ganye, amma ruwa da hannu ba sa hutawa. Yakan raba gonarsa fangali-fangali, kowanne da 'yar kunya a gefe mai tare ruwa, ya zuba ruɓaɓɓen kashin awaki ko na kaji. Ɗanyen taki ƙone tsiro yake yi, don haka sai an bar shi ya huce. A da, da jigo ake ɗebo ruwa daga rafi ko rijiya, guga na nutsewa yana tasowa tun safe. Yanzu injin ban-ruwa ya karɓi aikin a yawancin wurare, ya sauƙaƙa wa kafaɗa, ya ɗora wa aljihu kuɗin fetur.

Kowane ganye da halinsa. Lansir ɗan gaggawa ne, kuma ɗan sanyi. Irinsa ƙanana ne jajaye-jajaye, masu yauƙi in sun jiƙa, shi ya sa ake gauraya su da yashi kafin a watsa, don kada su taru wuri ɗaya. Kwana 2 zuwa 3 ya tsiro, cikin mako 3 ya isa yanka. Lokacinsa hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da zafin bazara ya kunno kai sai ya yi tsiri, ya fid da fure, ganyen ya yi kaushi. Gwanin lambu ba ya shuka shi gaba ɗaya. Yau wannan fangali, bayan 'yan kwanaki wancan, don kullum ya sami na kai wa kasuwa.

Na'a-na'a kuwa ba a wahalar neman irinsa. Reshe ake karya a dasa a ƙasa mai danshi, ya yi saiwa, ya bi ta ƙarƙashi yana ɓullowa nan da can. Maƙwabci ne mai cin iyaka: in ba a tsare shi ba, sai ya mamaye fangalin da ke kusa. Amma ba ya butulci, in an yanke shi an ba shi ruwa, sai ya sake tohowa. Ita ɗoɗɗoya rana take so. Sirrinta shi ne a riƙa tsinke kanta kafin ta yi fure, sai ta yi rassa ta cika da ganye. In aka bar ta ta yi 'ya'ya, ta gama aiki.

Akwai dalilin da ya sa lambunan ganye suke manne da gari. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ya wadata a Kura da Kadawa, tumatir yana fitowa mota-mota har Legas. Albasar Galmi takan tashi daga Nijar ta ƙetare iyakoki ba abin da ya same ta. Ganye ba shi da wannan ƙarko, yini ɗaya ya ishe shi lalacewa. Saboda haka masu shi a Kano suka riƙe bakin rafin Jakara da irin su Kwakwaci, inda kwando zai iya isa kasuwar 'Yankaba kafin rana ta yi zafi. Kusancin nan yana da tsada. Ruwan Jakara ya ɗebo dattin kwatocin birni, gine-gine kuma kullum suna matso fadama, filin da uba ya noma sai a wayi gari an kafa masa tubali.

A kasuwa aikin ya koma hannun mai tebur. Ya ɗaɗɗaure ganyen ƙulli-ƙulli, ya rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ga gwangwanin ruwa a gefe yana yayyafawa. "Hajiya, matso ki shinshina, yanzu aka yanko shi." Ita kuma ba ta yarda da baki, sai ta murza ganye ɗaya tsakanin yatsu ta kai hanci. Da safe shi ke yanka farashi. Da la'asar kuwa, abin da ta taya shi ne kuɗinsa, don ya san gobe ba mai ko kallonsa.

Tun kafin firji ya zo, mata sun san yadda ake ajiyar ganye. A inuwa ake shanya na'a-na'a da ɗoɗɗoya, kan tabarma, inda iska ke ratsawa, domin rana tana cinye kore da ƙamshi. In sun bushe suna ƙaras-ƙaras, sai a zuba a kwalba a toshe. Lawashi, wato ganyen albasa, dakawa ake yi a dunƙula a busar ya zama gabu, wanda zai yi watanni yana gyara miya. Mai firji ta naɗe na'a-na'a a ɗan tsumma mai laima ya kwana biyu, amma kada ta saka ɗoɗɗoya, sanyi baƙanta ta yake yi. Gara ta tsoma gindin ɗoɗɗoyar a kofin ruwa ta ajiye a inuwa.

A madafa ma ƙa'idar ba ta sake ba: ganyen ƙamshi shi ne na ƙarshen shiga tukunya. Sai farfesu ya nuna ake watsa ɗoɗɗoya, a rufe, a sauke. Mai shayi sai ya kusa juyewa yake jefa na'a-na'a a buta. Lansir ko wuta ba ya gani, kwaɗonsa ake yi. A wanke shi sau biyu ko uku da ruwan gishiri, tunda ɗanye za a ci, a tsane, a yayyanka. A zuba dakakken ƙuliƙuli, tumatir, albasa, man gyaɗa, a matsa lemon tsami, a cakuɗa a lokacin da za a ci, don in ya jima sai ya saki ruwa. Ɗan yajin nan nasa mai hawa hanci shi ne shaidar cewa da asubar yau aka yanko shi.

Mai cin kwaɗon ya suɗe kwano ya sha ruwa, a lokacin shi mai lambu ya koma fadama ban-ruwan yamma, yana duba fangalin da zai isa yanka gobe.