Saƙon "zuba taki sau ɗaya": ina gaskiya, ina ƙarya?

Tun faɗuwar damina wani saƙon murya ke yawo a zaurukan WhatsApp na manoman yankinmu, daga Giwa har Funtuwa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda gonarsa take ba, amma ya ce malaman gona wahalar da jama'a kawai suke yi. Wai sirrin masara shi ne a gauraya kamfa da yuriya, a watsa su gaba ɗaya ranar shuka, ruwan sama ya shigar da su ƙasa, an huta da biyan 'yan ƙwadago sau biyu.

Ya ƙara da wasu maganganun da ba za su ci mana lokaci ba. Wai a zuba gishiri a cikin taki don ya yi auki: gishiri ƙona shuka yake yi, magana ta ƙare. Wai takin zamani na kashe gona: da ɗan ƙanshin gaskiya, domin yuriya zalla shekara da shekaru tana sa ƙasa tsami, amma maganin shi ne takin gida da juya shuka da waken suya. Wai ƙwaya huɗu a rami goyo huɗu ne: tsiro huɗu a rami guda kokawa suke yi kan ruwa da rana da abinci, sai a tashi da kara da ƙananan goyo. Tsarin da aka gwada, wanda shirin Sasakawa ya yaɗa bayan zuwansa Najeriya a 1992, shi ne santimita 75 tsakanin kunyoyi, 25 tsakanin ramuka, tsiro ɗaya a rami. Hakan na ba da tsiro kusan 53,000 a hekta.

Maganar watsa taki ranar shuka ita ce mai cin dukiyar mutane. Abin da manomi ke saye a buhun yuriya sinadarin naitirojin ne, kilo 23 a buhu mai kilo 50, kuma sinadari ne da ba ya zama wuri ɗaya. Idan aka bar yuriya a saman ƙasa mai danshi ga zafin rana, cikin 'yan kwanaki wani kaso nata yakan rikiɗe ya zama iskar amoniya ya tashi sama. Gaskiya ne, idan ruwa mai yawa ya sauka jim kaɗan bayan watsawa, zai shigar da ita ƙasa. To wa ya yi wa mai saƙon alkawarin ruwan? Wanda ya shiga ƙasan ma bai tsira ba. Ruwan Yuli da Agusta yakan wanke shi ya gangara inda saiwa ba ta kaiwa, musamman a ƙasa mai rairayi. Yawan asarar ya danganta da irin ƙasa da yanayin ruwa, amma aukuwarta ba abin gardama ba ce.

Masara kuwa ranar shuka ko saiwa ba ta da ita. Yunwarta ta gaske tana farawa ne idan ta kai gwiwa, har zuwa fitar da kai. Ba ta takin duka ranar farko kamar dama wa jariri furar shekara ne. Ga kuma wata ɓarna: yuriyar da ta taɓa ƙwayar iri takan ƙona ta, gona ta fito giɓi-giɓi.

Shawarar masana irin na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ita ce a raba takin biyu. Kamfa lokacin shuka ko cikin mako biyun farko, yuriya kuma mako huɗu zuwa shida bayan shuka, bayan an yi noma an kau da ciyawa. A huda rami kamar santimita 5 daga gindin shuka, a zuba, a rufe. Cikakken adadin hekta guda ya kai buhu 8 na kamfa 15:15:15 da kusan buhu biyu da rabi na yuriya.

Na san mutum nawa ne ke iya sayen wannan a tsadar yau, shi ya sa ban ga laifin waɗanda suka gaskata saƙon ba. Wanda ya ci bashi ya sayi buhu biyu, aka ce masa ga hanyar rage kuɗin ƙwadago, dole ya saurara. Sai dai mai buhu biyu shi ne ya fi kowa bukatar binne takinsa a kan lokaci, don ba shi da na uku. Laifin na wanda ya zauna a inuwa ya naɗi murya ne kan abin da bai gwada ba.

Idan ka riga ka bi shawararsa, je ka duba ganyen ƙasa. In ya fara rawaya daga tsini yana bin jijiyar tsakiya, naitirojin ya ƙare. Muddin masarar ba ta fitar da kai ba, nemi ko rabin buhun yuriya ka binne mata. Saƙon kuma, don Allah, ya tsaya a wayarka.