Gangarar Kolorado ko Iskar Wayomin

Wanda zai tashi daga Denba, babban birnin jihar Kolorado a Amurka, ya nufi Salt Lake City a jihar Yuta, hanya biyu ce a gabansa. Ɗaya ita ce I-70, wadda ta miƙe yamma ta ratsa tsakiyar duwatsun Roki, daga baya a sauka kan US-6 a ƙarasa. Ɗayar kuwa sai an yi arewa a kan I-25 zuwa Cheyenne, a kama I-80 a keta kudancin jihar Wayomin. In ka tambayi taswirar waya, cewa za ta yi duk kanwar ja ce: kowacce ta haura kilomita 800 da kaɗan, tafiyar kamar awa takwas. Ga mai ƙaramar mota, ba ta yi ƙarya ba. To amma Amurkawa da yawa suna fita hutu ne da a-kori-kura tana jan tirelar tafi-da-gidanka, ɗaki sukutum mai gado da kicin da banɗaki, wani nauyinsa tan uku, wani har bakwai. Ga irin wannan matafiyi hanyoyin nan ko kusa ba ɗaya ba ne, kuma abin da ya raba su ba ya fitowa a fuskar waya.

Denba kanta tana kan tudu mai tsayin mita 1,609, ta fi Jos nisa da doron teku. Daga nan, kafin ka cika kilomita 100 a kan I-70, ka hau har mita 3,401, inda aka huda dutse aka yi ramin Eisenhower, wanda aka buɗe ɓangarensa na farko a 1973, na biyu a 1979. Duk manyan titunan da suka haɗa jihohin Amurka babu inda ya kai nan tsayi. Iskar sama ba ta da kauri, shi ya sa injin fetur da ba shi da na'urar cusa iska yakan rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane mita 300 da ya hau. A bakin ramin, kenan, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin motarka ya tafi, ga kaya a baya. Motar za ta yi ta nishi, allurar zafi ta ɗaga. Duk da haka hawa wahala ce kawai. In abin ya ƙi, ka raɓa gefen titi ka jira inji ya huce.

Gangara ce ba ta da wannan rangwamen. Kana fitowa daga ramin ta yamma, titi ya sunkuya zuwa garin Silverthorne, kimanin kilomita 11, karkatarsa tana kaiwa kashi 7 cikin ɗari. Ma'anar wannan lissafi: duk mita 100 da ka yi gaba, ka gangara mita 7. A takarda kamar ba komai ba ne. A kan titi kuwa, mota da tirela masu nauyin tan goma ne suke saukowa daga tsayin da ya wuce mita 600, kuma duk ƙarfin da ke fizgar su ƙasa dole ya koma zafi a wani wuri. In direba ya ɗora ƙafa kan birki ya bar ta nan, birkin ne zai sha zafin shi kaɗai. Man birki na DOT 3 yana tafasa a digiri 205 in sabo ne, amma in ya tsufa ya tsotsi danshi, a digiri 140 ma sai ya tafasa. Da ya tafasa, za ka taka ka ji ƙafarka ta lume har ƙasa, motar ba ta ko rage gudu ba. Duk wanda ya san labarin tireloli a Hawan Kibo ya san abin da ke biyo baya. Saboda haka aka yanka hanyoyin tsira biyu a wannan gangarar, aka cika su da tsakuwa, don motar da birkinta ya tsinke ta kutsa ciki ta maƙale. Kuma kafin birkinka ya gama hucewa, ƙasa da kilomita 30 a gaba, ga Vail Pass mai mita 3,250, ita ma da tata gangarar ta kashi 7.

A dawowa ma ba a tsira ba. Gangarar ƙarshe zuwa Denba kashi 6 ce, kuma daga sama kana hango birnin shimfiɗe a fili, sai zuciya ta ce an iso. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, har ma hukuma ta kafa alluna tana gargaɗin direbobin manyan motoci kada ganin gari ya ruɗe su, da sauran gangara da kwana-kwana. Ranar 25 ga Afrilu, 2019, wata tirelar katako da birkinta ya mutu ta wuce hanyar tsira a wannan gangarar, ta afka wa motocin da cunkoso ya tsayar a Lakewood. Mota 28 abin ya shafa, mutum huɗu suka rasu.

I-80 ba ta da irin wannan tsaurin. Ƙololuwarta, Sherman Summit, tsakanin Cheyenne da Laramie, mita 2,633 ce, hawanta a hankali yake, saukarta zuwa Laramie kuma kusan kashi 5. Daga nan sai fili fetal. Gangara mai zafi guda ta rage, wato Parleys a ƙofar Salt Lake City, kashi 6, kuma ita ma ana iya kauce mata: a Echo sai ka ɗauki I-84 ka bi kwarin kogin Weber zuwa Ogden, ka shigo birnin ta arewa.

Sai dai Wayomin tana da nata makamin, iska. Tsakanin Laramie da Rawlins, wajen Arlington da Elk Mountain, guguwa kan kai gudun kilomita 100 a awa ko ta wuce, tana dukan titi ta gefe. An buɗe wannan yankin a watan Oktoba na 1970, ba a yi mako guda ba dusar ƙanƙara da iska suka rufe shi. Tirelar tafi-da-gidanka kuwa doguwa ce, mai faɗin bango, ba ta da nauyin da ya dace da girmanta, irin abin da iska ke ɗagawa ta kifar ke nan, ta ja motar gaba tare da ita. In iskar ta tsananta, hukumar sufurin jihar kan haramta wa irin waɗannan motoci bin titin, kuma wanda ya karya dokar tara ce a kansa.

Akwai masu cewa gara gangara, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Gangara ba ta canja hali. Kashi 7 ce jiya, kashi 7 ce gobe, kana iya karanta ta tun kana gida. Akwai littafin Mountain Directory na Richard Miller, wanda ya bi ɗaruruwan hawa da gangara na jihohin Amurka yana faɗin karkatar kowacce da tsawonta. Hanyar sauka ma sananniya ce. Ka rage gudu tun kana kan tudu, ka sa giyar da ka hau da ita ko ta ƙasa da ita, inji ya riƙe motar. In gudu ya kai iyakar da ka ɗibar wa kanka, ka taka birki sosai na 'yan daƙiƙu har ya ragu da kilomita 8 a awa, ka ɗage ƙafa ya sha iska. Mai motar dizal da ke da birkin salansa, wanda ya daidaita birkin tirelarsa kafin ya tashi, yana sauka Silverthorne lafiya lau, kuma ya ci ribar ganin kwarin Glenwood, wanda babu kamarsa a duk faɗin I-80.

Ni dai na fi karkata ga I-80, kuma dalilina ɗaya ne: iska ana iya jiran ta. Manhajar Wyoming 511 tana nuna ƙarfinta da wuraren da aka rufe, in ta tashi ka kwana a Laramie, ta lafa ka wuce. Gangara kuwa ko shekara ka yi a bakin ramin Eisenhower, tana nan yadda take, kuma da ka fara ta babu juyawa, babu wurin koyo. Kuskuren da ka yi a kilomita na farko, a na takwas za ka ga sakamakonsa, da iyalinka zaune a bayanka.

Don haka in motarka ta fetur ce, ko nauyin tirelarka ya kusa iyakar abin da kamfani ya rubuta motar za ta iya ja, ko kuwa ba ka taɓa sauko da kaya daga dutse ba, bi ta Wayomin, ka ware kwana ɗaya na jiran iska, ka shiga Yuta ta I-84.