Bin Sawun Kakanni a Ɗorayi

Wanda ya ratsa Ɗorayi a yau, gidaje zai gani a cunkushe, da ma'aikata masu sammakon zuwa masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Amma a ƙarni na 19 wurin karkara ne a bayan ganuwar Kano, inda Sarki yake da gandu, bayi suna noma masa hatsi. To, idan ɗalibi ɗan asalin wannan unguwa ya so sanin ko wane ne kakan kakansa, ta ina zai fara?

Da lissafi zai fara. Kowane mutum yana da mahaifa 2 da kakanni 4, mahaifan kakanninsa 8, kakannin kakanninsa kuwa 16. Idan aka ƙaddara tazarar shekara 30 tsakanin uba da ɗa, wanda aka haifa a 2010 zai iske kakan kakansa a wajejen 1890. Rabin mutanen nan 16 mata ne, kuma sunayensu ne suka fi saurin ɓacewa, domin alkunya kan sa a binne sunan yanka a ƙarƙashin laƙabi. Saboda haka mai bincike ba ya tsayawa kan dattawa maza; yakan nemi gwaggo da inna, waɗanda suka san wa ya auri wa, kuma daga wane ƙauye aka kawo amarya.

Mataki na biyu shi ne ƙayyade shekaru. Mutanen da ba su da takardar haihuwa sukan jingina rayuwarsu da manyan al'amura: Basasar Kano da ta ɓarke a 1893, zuwan Turawa a 1903, isowar jirgin ƙasa a 1911, annobar mura ta 1918, ko sarautar Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. Alal misali, idan tsohuwa ta ce mahaifinta yana goye aka ci Kano, an san shekarar haihuwarsa ba ta yi nisa da 1902 ba.

Na uku, a gwada labarin baka da rubutu, domin harshe kan ƙara gishiri. Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yana ɗauke da rahotannin haraji na gundumomi, littattafan alƙalai kuwa sukan lissafa magada a shari'ar gado. Ƙa'idar kimiyya ita ce, ba a karɓar magana sai shaidu biyu da ba su haɗa baki ba sun dace. Gwajin ƙwayoyin gado na DNA yana iya nuna dangantakar jini, amma ba ya faɗin suna ko sana'a.

Wani lokaci binciken kan kai ga abin da iyali suka daɗe suna rufewa. Masanin tarihi Ibrahim Hamza ya yi nazarin bauta a gandun Ɗorayi, kuma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. Wanda ya iske kakansa cikin bayin gandu bai gano abin kunya ba. Ya gano manomin da guminsa ya ciyar da birni, ya kuma mayar masa da sunansa.

Muna kira ga malamai da su mai da wannan aikin aji. Kowane ɗalibi ya zauna da tsofaffin gidansu, ya ɗauki muryarsu, ya rubuta ranar hirar da wurinta. Takardun Kaduna za su jira mai nema, amma tsohon da ya san sunayen ba zai jira ba.